Inda Littafin Dodanni na Biyar Ya Shiga

Zuwa ga ɗiyata ta fari,

Assalamu alaikum. Ina yi maki barka da sauka, don na san ba za ki ga takardar nan ba sai kin kwance kaya. Na sa ta ƙarƙashin ƙullin kuka da daddawa, inda hannunki zai kai ranar da kika fara ɗora tukunya a baƙon wuri. Allah Ya sa yashin hanyar Sarkin Hausa bai kada ku daga kan moto ba, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa yaran da aka ba ki su ji daɗin hannunki.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kin baro shi yadda kika san shi. Magana ce da na riƙe shekara huɗu. Kin san ni da ke: ke ce ta fari, ko sunanki bakina bai taɓa kamawa ba, balle in zaunar da ke in duba idonki in faɗi irin wannan. Shi ya sa na rubuta.

Maganar Baraka ce, ɗiyar kawunki, taubashiyarki. Tana aure a garin da aka tura ki koyarwa, ta aiko cewa ta share maki ɗaki, kika ce gara ki kwana cikin aji da ki kwana gidan ɓarauniya. Baraka ba ta ɗauki littafin nan ba. Na san wanda ya ɗauka. Amma ki yi haƙuri in faro daga farko, don in na faɗa maki a tsaye za ki ninke takardar ba ki kai ƙarshe ba. Na san zuciyarki.

Kin tuna ranar da kika shigo da su. Madam ɗinku ta Faransanci a kolej ce aka canza ma gari, ta bar maki littattafai biyar kyauta. Kika baje su a tabarma, ƙanwarki Salamatu, Allah Ya jiƙanta, ta rarrafo tana taɓa bangon. Na leƙa, sai na ga wata halitta kamar an ɗauki damo an hura shi ya kai girman rumbu, an liƙa mashi fiffiken jemage, wuta na fita daga bakinshi. Na ce, "A'uzu billahi. Fitar mani da aljanun nan daga ɗaki." Kika ce, "Inna, ba aljanu ba ne, tatsuniya ce, daragon ake ce masu." Na ce ko mi ake ce masu ba a gidana ba. Cikin satin ciwon Salamatu ya tashi, na ce to ga shi nan, hotunan nan ne. Ciwon da take fama da shi tun tana goye na ɗora ma takarda.

Bayan kwana kaɗan na neme ku na rasa. Na zagaya bayan rumbu da muciya a hannu, na iske ku kun ɓuya, kina karanta layi da Faransanci kina juya mata shi da Hausa. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ji kina cewa ƴar ƙaramar dodanniyar, mai launin toka, in sanyi ya sauko fiffikenta kan yi mata ciwo, sauran su tashi sama su bar ta a bakin kogo, manyan kuma suna cewa ragwanci ne. Salamatu ta ce, "Yaya, ita ma cikin ƙashi take jin shi?" Kika ce littafin bai faɗa ba. Ta ce, "Cikin ƙashi ne. Na sani."

Na tsaya nan ban motsa ba har tuwona ya kama.

Abin da ya tsaida ni, ni ce manyan nan. Kafin a gwada jininta a likitar Tasawa a ce amosanin jini ne, wanda suke ce ma emasi, na yi shekaru ina ce ma yarinyar nan mai raki. In ta ce ƙafa, in ce tallan ƙosai ne ba ta so. Wata safiya cikin damina na tura ta ɗebo ruwa a pompo tana kuka, da ta zauna a hanya na zane ta da tsintsiya. Ko bayan an faɗa mani sunan ciwon ban taɓa zama na tuna tsintsiyar nan ba, sai ranar da na ji an yi ma wata dabba da ba ta ma wanzu ba irin abin da na yi. Har yau abin yana ba ni mamaki. Wani mutum a wata ƙasa mai nisa, bai san Hawandawaki ba, bai san ni ba, ya zauna ya ƙago ƙadangare mai fiffike, ya aiko shi har bayan rumbuna ya tona ni. Allah da iko Yake.

Za ki samu irin Salamatu a ajinki. Za ta kifa kai a tebur, ko ta riƙa makara, ko ta ƙi fita wasa. Kafin ki ce ragguwa, ki tsuguna ki tambaye ta ina ke ciwo, kuma in ta faɗa ki yarda. Haka in kika ga yaro ya ɓoye wani abu yana kallo, ki fara sauraron abin kafin ki hana. Ni na hana ban saurara ba, da muciyar nan ta riga kunnena da na raba ƙanwarki da abin da ya fi faranta mata rai a shekararta ta ƙarshe.

Daga ranar karatu ya dawo gindin iccen bedi, bayan la'asar. Ina ɓarar gyaɗa, kina karantawa, Salamatu na kwance da kai a cinyata. Sunayen dodannin na Nasara ne, harshenta ya kasa, sai ta raɗa masu nata: babban ja mai taƙama da wutarshi ta ce Garwashi, ƙaramar da hayaƙi kawai ke fita bakinta ta ce Toka. Baraka ba ta fashi. Tana shigowa za ta ce, "Ina baiwata? Tashi ki karanta ma uwargijiyarki." Ke kuma ki ce, "Ji mai kai kamar ƙwarya, harafi nawa kika sani?" Ta ce, "Mi zan yi da harafi tunda na ajiye mai karanta mani?" Babanku kuma kullum sai igiyar amalankenshi ta lalace daidai lokacin, daidai wurin. Shi da ya ce shirmen Nasara ne, shi ne wata rana ya ɗago kai ya ce, "Wai shi jan nan har yanzu bai yi hankali ba?"

A littafi na biyu ne Garwashi ya yi ta'asar nan. Yana nuna ma abokanshi nisan da wutarshi ke kaiwa, iska ta kwashe ta ta zuba kan rumbunan mutanen ƙauyen da ke gindin dutse, abincin shekara ya ƙone ƙurmus. Da manya suka zo bincike suka ga hayaƙi a bakin kogon Toka, suka ce ita ce. Garwashi na tsaye bai ce uffan ba. Toka ta ga lokacin da ya hura wutar, amma ita ma ta yi shiru, aka kore ta daga dutsen. Mu da muka san abin da rumbu yake, ranar ba wanda ya yi dariya. Na watsar da ɓawon gyaɗa na ce, "Wannan ba shi da tsoron Allah. Ita kuma wawuya, bakinta ciwo yake?"

Salamatu ta ce, "Inna, tsoro yake ji."

Na ce, "Tsoron mi, ƙato kamar shi?"

Ta ce, "Tsoron a daina son shi."

Shekararta goma sha ɗaya. Na dube ta, idon nan nata da ciwo ya mayar rawaya, ban san inda ta samo maganar ba. Ni da furfura ta fara fito mani na yanke hukunci na gama, ita ta shiga cikin ƙirjin mai laifi ta duba abin da ke ciki.

Abin da ya riƙe ni a littafi na uku da na huɗu shi ne ba a gyara Garwashi dare ɗaya ba. Da malamin wa'azi ne da ya tuba a shafi na gaba. Shi kuwa sai da ya ƙara muni tukuna, yana cizon kowa, don kada a matso a ga abin da ya ɓoye. Sannan aka haɗa shi da wani tsohon dodo makaho ya riƙa yi mashi jagora. Da farko jan tsohon yake yana buga shi da duwatsu. A hankali ya fara lura da inda ƙafar tsohon ke tsoro, ya koyi tashi sannu. Wurin da ban manta ba shi ne inda ya iske ƙwai cikin ruwan sama uwar ba ta nan, ya kwana biyu yana koyon rage wutarshi har ta zama ɗumi kawai, yadda za ta raya ba ta dafa ba. Babanku ya ce, "To, yanzu ya fara zama mutum." Muka yi ta dariya, don ai ba mutum ba ne.

Na ga abin ya shiga jikin Salamatu. Da, in majo, ma'aikacin likita, ya kuskure jijiya wurin ƙarin ruwa, ihu take tana zaginshi. A wannan shekarar wani sabo ya soke ta har sau uku bai samu ba, na taso zan yi mashi tas, ta riƙe zanena ta ce, "Bar shi, Inna. Shi ma kamar Garwashi ne da ƙwan nan, koyo yake." Majon ya fita waje ya daɗe bai dawo ba.

Ki riƙe wannan a ajinki. Yaron da ya fi kowa cizo kada ki rufe littafinshi a na biyu. Kuma ke kanki wutarki tana da ƙarfi, tun kina ƙarama. Ki koyi rage ta.

Littafi na huɗu ya ƙare Garwashi ya bar dutsen ya tafi neman Toka, ya same ta a wani kogo mai nisa, ya tsaya a bakin ƙofa ya kira sunanta. Nan aka tsaya. Salamatu ta ce a ɗauko na biyar yanzu-yanzu, kika ce sai kin gama jarrabawar birebe, saura kwana goma. Shi na biyar ɗin bangonshi ya riga ya cire tun wurin Madam, sai kika yi mashi riga da takardar buhun siminti, kika tura shi ƙarƙashin gado cikin tsofaffin kaye ɗinki na rubutun makaranta don kada Salamatu ta riƙa leƙen hotuna.

Kin san daga ina nake samun takardar ƙunshe ƙosai. Kaye ɗin da kuka gama da su, duk shekara su nake yagewa.

Ranar kasuwa na tashi ƙulluna ya yi yawa, takarda ta yi kaɗan. Na zura hannu ƙarƙashin gado ina sauri, na jawo biyu, na jefa cikin kwando. Na farko kaye ne na lissafi. Na biyu na ji takardarshi ta fi taushi, har na ce a raina wannan ta fi shan mai. Ban duba ba. Ga kasko na tafasa, ga mutane tsaye, ina yaga daga gaba ina ƙunshewa ina miƙawa. Sai wajen azahar wata Bafulatana mai nono da muka saba ta buɗe nata ta yi dariya ta ce, "Yau har da tsuntsu kika sa mani a ƙosai?" Na karɓa na duba. Fiffike ne, mai ya jiƙa shi har ana ganin rubutun baya. Na duba hannuna. Falle goma sha huɗu suka rage, na ƙarshen littafin.

Ni ce. Ni na yage shi, na raba ma kasuwar Hawandawaki.

Na soke ragowar a zanena na dawo gida da niyyar faɗa maki. Na iske kin riga kin birkice ɗaki, Salamatu na kuka, kina cewa da safe Baraka ta zo ta roƙe ki ki bari ta ga hoton ƙarshe kika hana. Ana haka sai ga Baraka ta yi sallama. Kika tare ta a tsakar gida. Ba sai na maimaita abin da kika ce mata ba. Ina tsugune gaban murhu ina hura wutar da ta riga ta kama. Baraka ta ce, "Ban ɗauka ba." Ta juyo ta dube ni sau ɗaya, ta dubi Salamatu, ta sa takalminta ta fita.

Na ce gobe zan faɗa, in zuciya ta kwanta. Gobe ta zo na ga Salamatu ta lafe a jikina tana cewa, "Inna, ke kaɗai ce ba ki ɓata mani rai," sai na ce jibi. Na sa fallayen a ƙasan babbar kwallata na rufe. Kullum maganar na ƙara nauyi, don yanzu ba yaga littafi kawai zan faɗa ba, har da shirun jiya da na shekaranjiya. Kawunki ya zane Baraka na ji na yi shiru. Kika sa aka nemo littafin a Tasawa da Maraɗi ba a samu ba, na taya ki jimami. Ni da na ce Garwashi ba shi da tsoron Allah.

Wata biyu bayan haka, tsakiyar damina, ciwon ya taso mata irin wanda bai taɓa yi ba. Kin tuna kwanakinmu a likitar Tasawa. Abin da ban faɗa ma kowa ba shi ne ranar da ta ɗan samu sauƙi ta ce, "Yaya, Toka ta fito mashi?" Kika ce e, kika ƙago mata ƙarshe mai daɗi, an yi biki, an gina rumbuna. Ta yi murmushi ta ce, "Ƙarya kike, Yaya. Ba ki kalli takarda ba." Ina zaune a ƙasan gadon. Takardar tana gida cikin kwallata. Da na buɗe baki a lokacin, babanku zai hau moto ya je ya dawo kafin la'asar. Na yi ta juya maganar a bakina ina neman ta inda zan fara. Ranar Alhamis da hantsi Allah Ya karɓi abinShi.

Ban ce littafi zai ƙara mata kwana ba, kwananta a rubuce yake. Amma abu ɗaya ta roƙa a wurinmu wanda muke da shi, kuma tsorona ya hana ta. Wannan zan tashi da shi gaban Ubangijina.

Ɗiyata, in kika yi kuskure ki faɗe shi ranar, tun yana ƙarami. Ko gaban daraktan makaranta ne, ko gaban ɗan aji ɗaya da kika daka bisa kuskure. Yaga littafin nan ba komai ba ne, da kin yi fushin kwana uku ya wuce. Shirun ne ya girma ya ci Baraka, ya ci Salamatu, ya ci ke.

Na ce ya ci ke, don akwai wani laifin kuma. Ranar gaisuwa Baraka ta shigo da ƙwaryar fura ta durƙusa gabanki, kika juya fuska bango. Mata suka ce ki amsa mata, ni na ce a ƙyale ki, baƙin ciki ne. Daga baya in an ce kina da riƙo, sai in ce halin gidanmu ne, ba mu son ƙarya. Ina yabon taurin zuciyarki don shi ne katangar da nake ɓuya bayanta. Shekara huɗu ina kallon yarinyar da ke juya Faransanci ta sa babanta ya manta da igiya tana zama mai ɗaure fuska, wadda ba ta sake buɗe littattafan nan huɗu ba. Da hannuna na yi wannan.

Da takardar aikinki ta fito aka ce garin su Baraka ne, na ji kamar an kira sunana. Sannan na ji amsar da kika ba ta a waya. Satin da ya wuce da na ce maki zan je Mayahi dubiyar wata ƙawata, gidan Baraka na tafi.

Na iske ta a tsakar gida tana sussukar wake, ɗiyarta a baya. Ta taso da gudu. "Gwaggo, ke da kanki? Lafiya? Ko baiwata ce ta aiko ki ki ba ni haƙuri?" Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, na ce ba ni sha sai na yi magana. Na faɗa mata duka, ina kallon ƙasa. Na gama na ɗago kai. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana buɗe akwati, ta fito da wata takarda a ninke ta aje a gabana. Mai ya mayar da ita kamar fata. Da hoton wutsiya a gefe.

Ta ce, "Ke da hannunki kika ba ni, Gwaggo. Na biyo ta wurinki da hantsi kika ƙunsa mani guda biyar kika ce in ci a hanya. Sai da na cinye na ga abin da na riƙe. Shi ya kawo ni gidan da yamma, in faɗa maki a ɓoye."

Na ce, "Kin sani? Tun ranar?"

Ta ce, "Tun ranar."

Na ce, "Aka zage ki, aka dake ki, don mi ba ki fito da ita ba?"

Ta gyara goyonta ta ce, "Na duba ne, Gwaggo. In Rakiya ta yi fushi da ni, ina da gidanmu in tafi. In ta yi fushi da ke, Salamatu tana tsakaninku a ɗaki ɗaya, ina za ta? Ga ciwo. Na ce bari in riƙe maki kwana biyu har ki samu bakin faɗa." Ta ɗan yi dariya. "Sai dai kwana biyun naki sun yi tsawo." Can ta ce, "Kin manta? Toka ma ta ga wanda ya hura wutar. Ke kika ce mata wawuya."

Shekararta goma sha biyar lokacin. Ba ta wuce aji shida ba. Na zauna ina kallonta kamar ban taɓa ganinta ba, yarinyar da na yi ma wanka, mai bakin tsiya, wadda muke cewa ba ta ɗauki komai da muhimmanci ba. Mun zauna gindin bedi ɗaya mun saurari labari ɗaya. Ni na ji shi na yi sharhi, ita ta ɗauke shi ta yi aiki da shi, ta biya da fatar jikinta. Ban taɓa jin na ƙanƙanta gaban mutum kamar ranar ba, kuma ban taɓa ganin girman abin da Allah ke iya sa wa a zuciyar yaro kamar ranar ba.

Amma ban ɓoye maki sauran ba. Da na ce mata akwai falle goma sha huɗu da suka rage, kuma ƙarshen labarin na ciki, dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Na zaci duk kin sayar." Ta ture waken gefe. Ta ce, "Da na san akwai saura, wallahi da na tona ki, Gwaggo. Da ta ji." Muka yi kuka mu biyu har ɗiyarta ta farka ta taya mu. Ban ce ta yafe mani a take ba, kuma ba ta ce ba. Sai da ta rako ni bakin hanya, mai moto na jira, ta ce, "Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Ki ce ma baiwata ɗakin na nan, na sa mashi sabon labule. Amma ita za ta riƙa ɗebo ruwa, ban ajiye malama don ado ba."

Babanki na faɗa mashi da na dawo. Ya ɗauki lauje ya tafi gona. Da ya dawo ya ce, "Ki rubuta mata."

Ga su nan cikin ledar da ke tare da wannan takarda, goma sha huɗu nawa, da ɗaya na Baraka da ta ce a ba ki. Faransancina bai kai in karanta su ba, kuma ban kai ma kowa ba. Hoton ƙarshe kawai na sani, na kalle shi ya fi a ƙirga. Garwashi na kwance ya aje kanshi a ƙasa, girman nan nashi duka ya zube. Toka na zaune ta ba shi baya, tana kallon wani wuri. Amma wutsiyarta tana kusa da ƙafarshi, ban iya gane ko ta taɓa shi ko saura kaɗan. Wata rana in ga ta taɓa, wata rana in ga ba ta taɓa ba.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma ba don kaina ba. Kada Juma'a ta same ki ba ki je gidan Baraka ba. Ba sai kin shirya magana ba, ita za ta fara, kin san bakinta. Ki zauna ki karanta mata fallayen nan, ki juya mata su da Hausa yadda kika saba, don ta biya kuɗin jin ƙarshen nan fiye da kowa a cikinmu. Sannan ki kwashe kayanki daga inda kika sauka ki koma ɗakin da ta share.

Ni kuma duk abin da kika ga ya dace da ni na karɓa. In kin ƙi ɗaukar wayata wata ɗaya ko shekara, ba zan ce kin yi rashin kunya ba. Littattafan huɗu na sa su a ƙasan buhun geronki, ki karanta ma yaranki in kin ga dama. In wata uwa ta zo da muciya ta ce aljanu ne, ki ba ta tabarma.

Kada ki faɗa mani ƙarshen a waya. In hutu ya zo kuma zuciyarki ta yarda, bedin na nan, zan shimfiɗa tabarma bayan la'asar in ɗauko gyaɗata, babanki zai nemo igiyar da ta lalace. In ba ta yarda ba, zan jira wani hutun.

Allah Ya jiƙan Salamatu, Ya haskaka kabarinta, Ya sa ta inda ba sanyi ba ciwon ƙashi. Allah Ya saka ma Baraka da abin da ni ba ni iyawa. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya tsare ki daga ruwan da ba ki saba ba da harshen da ba ki sani ba, Ya kare ki daga zaluntar ɗan wani, Ya dawo mani da ke lafiya ko da fushi ne.

Allah Ya yi maki albarka, Rakiya.

Innarki,
daga Hawandawaki.